Gwiwar Ɗan Ƙwallo

Daga cikin sana'o'in da zamani ya kawo mana babu wadda jarinta ke saurin karyewa kamar ta ɗan ƙwallo, domin kuwa masunci a Wara ko Yawuri in komarsa ta yage sai ya zauna a inuwa ya ɗinke, amma shi wannan dukiyarsa kaf tana rataye ne a kan gaɓa guda, watau gwiwa, wadda in ta lalace ba a sayen wata a kasuwa.

Wanda ke son shaida sai ya dubi Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna a 1972. Daga Ranchers Bees ya tafi Club Brugge ta Beljiyam a 1990 bai ko cika shekara 20 ba, ya ci wa Nijeriya ƙwallo biyu a Gasar Kofin Duniya ta 1994, ya ɗauki kofin FA da Everton ta Ingila a 1995, ya kuma rataya zinariyar Olamfik a 1996. To a daidai lokacin da ƙarfinsa ya kai maƙura, ana yi masa laƙabi da Bijimi, sai gwiwa ta tsaya masa a 1998, har ya zama wasa ɗaya tak ya buga a Gasar Kofin Duniya ta Faransa. Bayan ya bar Besiktas ta Turkiyya a 1999, yana ɗan shekara 26, ƙungiyoyi sun yi sha'awarsa, amma likitocinsu na dubawa sai magana ta mutu.

Sababin haka yana cikin halittar gaɓar kanta, wadda Allah cikin hikimarSa Ya ɗaure ta da jijiyoyi biyu masu gicciye da juna a can ciki, Ya kuma shimfiɗa guringuntsi tsakanin ƙasusuwa domin kada su goge. Ƙashi yana da wadatar jini, shi ya sa karaya ke haɗewa cikin makonni, kuma masu ɗorinmu, a gaskiya, gwanaye ne a wannan fage. Amma guringuntsi jininsa kaɗan ne, jijiyar ciki kuwa in ta tsinke ba ta cika haɗewa da kanta ba. Galibi sai an yi tiyata, sa'an nan a bi da watanni masu yawa na motsa ƙafa sannu a hankali.

A wasan zari-ruga, inda karo ya fi tsanani, Jonny Wilkinson ya ci wa Ingila Kofin Duniya a 2003, daga nan raunukan kafaɗa da gwiwa da ƙoda suka hana shi buga wa ƙasarsa har 2007, amma da yake an ba shi magani da lokaci, sai da ya kai 2014 yana wasa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yaron Ngaski da ba shi da ko ɗaya. Gwiwa ta kumbura, a kai shi wurin mai ɗori a ja a ɗaure, kumburi ya saɓe, abokai su matsa masa domin akwai karawa da garin maƙwabta, ya koma fili bayan mako uku alhali jijiya tana tsinke. Kullum ya juya da gudu sai gwiwar ta zame ta ƙara cin guringuntsi, har ya zama tun yana da sauran ƙuruciya zaman tahiya yana gagararsa, balle tsugunno a cikin kwalekwale.