Kututturen Gonarka Bai Mutu Ba

Karatu: Farawa 2:8-15, Ayuba 14:7-9

Yau za mu yi magana a kan itatuwa, da hakkin da Allah ya ɗora mana a kansu.

In ka tsaya a Ƙofar 'Yandaka cikin birnin Katsina da sassafe, ka fuskanci hanyar Batsari, za ka ga itacen girki da buhunan gawayi suna shigowa gari, wani a babur, wani a amalanke, wani a mota. Hanyar nan ita ce ta bi ta Babbar Ruga, inda 'yan mishan na SIM suka yi shekaru suna jinyar kutare, ta miƙa wajen dajin Rugu. Dattawanmu sun san lokacin da mai itace ba ya nisa da ganuwa. Yau sai ya yi tafiya mai tsawo. Ba mu kawo wannan magana domin mu zargi mai itace ba, gama tuwon da muka ci daren jiya da itacensa aka tuƙa shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kaya suka yi tsada, har gidajen da suka saba da gas suka koma gawayi. Dukanmu muna ciki.

Me ya sami damina?

Manya ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, sa'ad da shanu suka mutu, rumbuna suka zama wayam. Daga baya ruwa ya dawo, amma halinsa ya sake. Yakan yi jinkiri, ya ɗauke bayan an yi shuka, sa'an nan ya sauko da ƙarfi gaba ɗaya. A watan Yuli na 2018 ruwan dare ɗaya ya yi ambaliya a Jibiya, fiye da mutum 40 suka rasu.

Masana sun bayyana dalili. Hayaƙin man fetur da kwal da gas yana taruwa a sararin sama kamar bargo, yana hana zafin ƙasa fita. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yanzu zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1, kuma da aka auna shekarar 2024, an tarar ta fi dukan shekarun da suka gabace ta zafi. Iska mai zafi tana ɗaukar laima da yawa, shi ya sa in ta saki ruwa yakan zo da ɓarna. Yawancin hayaƙin nan daga ƙasashe masu manyan masana'antu ya fito, kamar Amurka da Sin da ƙasashen Turai. Ba mu da iko a kan masana'antunsu. Amma muna da iko a kan gatarin da ke hannunmu.

Itace yana rage ƙarfin iska, kada rairayi ya binne gero yana ƙarami. Saiwarsa tana riƙe ƙasa, tana buɗe wa ruwa hanya ya nutse maimakon ya kwashe gona. Dubi gawo. Da damina yakan zubar da ganyensa, hasken rana ya kai ga shuka, ganyen ya zama taki. Da rani kuwa ya yi ganye, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Kowane manomi ya san dawar gindin gawo ta fi ta fili kyau.

Me Maganar Allah ta koya mana?

A Farawa 2:15 Allah ya sa mutum cikin gonar Adnin da aiki biyu: noma da kiyayewa. Mun riƙe na fari, mun saki na biyu. Waɗansu sukan kafa hujja da mulkin da aka ba mutum a Farawa 1:28, amma Zabura 24 ta nuna mana wane ne mai ƙasa. Ubangiji ne mai ita, mu wakilai ne, wakili kuwa lalle zai ba da lissafi. Ko a lokacin yaƙi, Kubawar Shari'a 20:19-20 ta hana Isra'ilawa sare itatuwa masu ba da 'ya'ya. In an hana mayaƙi, ina ga mu da ke zaune a gonar gado?

Wani zai ce, "Ai duniya mai wucewa ce, Ubangiji yana dawowa, me zai sa in damu da itace?" Ka tuna da misalin da ke cikin Luka 19. Bawan da maigida ya tsauta wa shi ne wanda ya naɗe abin da aka ba shi ya zauna jira. Ban da haka, wannan zancen ƙaunar maƙwabci ne. Ambaliya ba ta tambayar addinin mai gida kafin ta shiga.

Darasi daga Maradi

An yi ƙoƙarin dashe ƙwarai. A ƙarshen shekarun 1980 an kafa shirin dashen itatuwa a Katsina da taimakon ƙasashen Turai. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar ganuwar itatuwa a bakin hamada, Jihar Katsina kuwa tana ciki. Wannan aiki ne mai kyau. Amma duk wanda ya taɓa dashe ya san abin da akuya da gara da ƙishirwa suke yi wa ɗan itace.

In ka wuce Jibiya ka ƙetare iyaka, sai Maradi. A can wani ma'aikacin SIM daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dashe yana ganin yawancinsa yana mutuwa. A 1983 ya tsaya a bakin hanya, ya duba wani ɗan kurmi da kyau, sai ya gane ba ciyawa ba ce, tohon kututturen itace ne wanda aka sare tun da daɗewa. Saiwar tana da rai, ta riga ta kai ga laima. Kowace shekara tana toho, kowace shekara ana sassabe ta a ƙone. Ashe ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Daga nan aka sami abin da mutanen Nijar suke kira sassabin zamani. Manoma suka koya wa juna, har aka kimanta cewa ya kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Ga yadda ake yi:

1. Lokacin sassabe, ka zaga gona ka zaɓi kututturen da za ka bari, ko gawo, ko kalgo, ko sabara, ko aduwa, ko magarya.

2. A kowane kututture ka bar toho uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran.

3. Ka datse rassan gefe har zuwa rabin tsayinsa. Ka yi da adda mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawon ya yage.

4. Ka tsare shi daga wuta da dabbobi, ka koma bayan 'yan watanni ka sake gyarawa. Abin da ka datse shi ne itacen girkin uwargida.

Ba a sayen iri, ba a ban ruwa. Sai dai a yi shawara da mai gari da makiyaya, domin kada wani ya raina, wani ya sare. Mu na cikin gari kuma da namu rabo. Zumuntar mata za ta iya koya wa juna ginin murhu mai tsimin itace. Matasa su dasa bedi a harabar ikkilisiya, kowane itace da sunan mai ba shi ruwa. Mu daina cika magudanar ruwa da leda.

Ayuba cikin azabarsa ya lura da kututture. Ya ga ko an sare itace, ko saiwarsa ta tsufa, da ya ji ruwa sai ya sake toho. Ya yi baƙin ciki domin yana ganin mutum bai sami wannan gata ba. Amma annabi Ishaya, a sura 11, ya yi zancen toho daga kututturen Yesse, wato Almasihu, wanda ya mutu ya tashi. Saboda shi ba mu fid da zuciya ga mutum, ba mu kuwa fid da zuciya ga ƙasa. Ɗan'uwa, kafin ka cinna wa sassabe wuta bana, ka sunkuya ka duba.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu, ƙasa taka ce, mu baƙi ne a cikinta. Ka gafarta mana ɓarnar da muka yi. Ka ba mu damina mai albarka, ka ba ƙauyukanmu salama domin manomi ya koma gonarsa. Ka koya wa hannuwanmu kiyaye abin da ka ba mu amana. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.