Keken Tura Yaro: A Duba Nauyi, A Duba Birki

A shekarar 1965 wani Baturen Ingila, Owen Maclaren, injiniyan jiragen sama, ya ƙera keken tura yaro da sandunan alminiyam, wanda ake naɗewa tamkar laima. Nauyinsa bai kai kilo 3 ba.

Irinsa shi ya dace da iyayen da ke birane kamar Ikko, inda kullum ake hawan bene da shiga bas. Ɗan shekara 2 ya yi wa goyo nauyi, ga shi kuwa bai iya doguwar tafiya ba.

Amma lalle mai saye ya gwada birki, da ɗamarar riƙe yaro, da makullin da ke hana keken naɗewa yaro na ciki. Kada kuma a rataya jaka a mariƙinsa, domin yakan kife ta baya.