Haƙƙin Mai Saye Kan Kujerun Da Aka Baje A Kanti

Masu sayar da kujeru da gadaje sukan karya farashin kayan da suka daɗe a baje a kanti. Sai dai rangwamen bai soke haƙƙin mai saye ba.

Dokar da ta kafa hukumar FCCPC, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta bai wa mai saye watanni 3 ya mayar da kaya masu lahani, a gyara, a musanya, ko a biya shi kuɗinsa.

Amma bisa Dokar Sayar da Kaya ta 1893, wanda ya duba kaya ba shi da hujja kan aibin da ke bayyane. Saboda haka, ya kamata mai kanti ya rubuta kowane tabo a rasit, mai saye ya sa hannu.