Fada Mveng: Mutumin Da Ya Mai Da Zane Ibada

Duk mazaunin Yawunde ya san babbar majami'ar Katolika da ke tsakiyar gari, ya kuma san hasumiyar tunawa da haɗewar Kamaru. Amma ba kowa ya san cewa akwai hannun mutum guda a wuraren nan biyu ba. Mutumin nan shi ne Fada Engelbert Mveng, masanin tarihi, mawaƙi, kuma mai zane wanda ya ɗauki sana'ar hannunsa a matsayin ibada.

An haife shi a 1930 a ƙauyen Enam-Ngal, a kudancin ƙasar nan. Ya shiga ƙungiyar limaman Jezuwit a 1951, ya yi karatu a Kwango da Beljiyam da Faransa, aka naɗa shi Fada a 1963. Shi ne ɗan Kamaru na farko a wannan ƙungiya. Daga baya ya shekara wajen talatin yana koyar da tarihi a Jami'ar Yawunde.

A zamanin ƙuruciyarsa, kayan majami'a kusan duk daga Turai ake kawo su. Hotunan da ke bango na fararen fata ne, waƙoƙin kuwa da Latinanci. Ganga da sassaƙa da rawar gargajiya, da yawa daga cikin 'yan mishan suna yi musu kallon kayan tsafi. Ke nan sai baƙin mutum ya tuɓe al'adarsa a bakin ƙofa kafin ya shiga sujada. Abin da Mveng ya ƙi yarda da shi ke nan. A ganinsa akwai talaucin da ya fi na aljihu muni, wato a raba mutum da harshensa da tarihinsa da fasahar kakanninsa, har ya zo gaban Mahaliccinsa da kayan aro. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Hujjarsa tana cikin littafin addininsa. Littafin Fitowa, sura ta 31, ya ba da labarin Bezalel, wanda Allah ya ba gwanintar aikin zinariya da dutse da itace domin ya ƙawata wurin sujada. Kiristoci sun fahimci cewa gwaninta baiwa ce, baiwa kuma amana ce da ake mayar wa Mai ita. Babban taron limaman Katolika da aka yi a Fadar Paparoma daga 1962 zuwa 1965 shi ma ya buɗe ƙofa ga fasahar kowace al'umma. 'Yan Katolika dai suna bayyana cewa ba hoton suke bauta wa ba. Tunatarwa ne ga mai addu'a, kuma karatu ne ga wanda bai iya karatu ba.

To, yaya zanen nasa yake? Mveng ya kafa wurin koyar da zane da sassaƙa a Yawunde, ya yi ta nazarin ado irin na masassaƙa da masaƙa da maƙeran ƙasar nan, musamman na Bamun. Fuskokin mutanen da yake zanawa sun yi kama da fuskokin katakon nan da ake sassaƙawa don bukukuwan gargajiya. Launukansa kuwa ba don kyau kawai yake zuba su ba. Kamar yadda mai ɗinkin riga ya san ma'anar kowane aikin allura, haka kowane launi yake da maganarsa a wurin Mveng: baƙi wahala, fari mutuwa, ja kuwa rai. Wanda ya san wannan, idan ya tsaya gaban bangon, karanta shi zai yi.

Misali mafi kusa shi ne zanen bayan bagade a majami'ar Kwalejin Libermann da ke Duwala. Ya zana Yesu Almasihu da hannuwa a miƙe, tare da shahidan Yuganda, wato Kiristocin nan 22 'yan Katolika da Sarki Mwanga ya sa aka kashe tsakanin 1885 da 1887. Ɗalibin da ya durƙusa a wurin, baƙaƙen fata irinsa yake gani, waɗanda suka ba da ransu saboda abin da suka gaskata.

Aikinsa bai tsaya gida ba. A Kwalejin Hekima ta Nairobi akwai zanensa na Hanyar Gicciye da na tashin Almasihu. A Nazarat, cikin majami'ar da ƙasashen duniya suka kai hotunan Maryamu, na Kamaru aikinsa ne. Haka kuma, da aka sake gina wata majami'ar baƙaƙen fata a birnin Shikago na Amurka bayan gobarar 1986, shi ya tsara zanen bangonta.

Ƙarshensa abin baƙin ciki ne. Ranar 23 ga Afrilu, 1995, aka iske gawarsa a gidansa da ke bayan garin Yawunde, an yi masa kisan gilla. Har yau ba a bayyana waɗanda suka aikata ba. Wata biyar bayan haka, Paparoma John Paul na Biyu ya zo Yawunde, ya sa hannu a kan takardar da ta ƙarfafa wa majami'un Afirka gwiwa su bayyana bangaskiyarsu cikin al'adunsu, maganar da Mveng ya ƙarar da rayuwarsa yana yi.

Mu da muke zaune da maƙwabta Kirista a unguwa da kasuwa, sanin irin wannan tarihi yana ƙara fahimtar juna. Masu sana'ar hannu a cikinmu kuwa, maɗinka da dukawa da magina, ga abin lura: mutumin nan ya kai har digirin dakta a Turai, amma da ya tashi miƙa wa Ubangijinsa mafi kyawun abin da yake da shi, adon masassaƙan ƙasarsu ya ɗauko.