Abin da Ke Raya Tsohuwar Fijo

Har yanzu tsohuwar Fijo ba ta gama yayinta a karkarar arewacin Kano ba. A ranar Lahadi da kasuwar Ɗanbatta ke ci, a tsakanin manyan motocin shanu da ƙananan motocin haya, akan ga akori-kura ƙirar 504 ɗauke da buhunan gero da dawa, ko kwandunan tumatir daga lambunan madatsar ruwa ta Tomas. Wasu daga cikinsu sun girmi direbobinsu. Idan aka tambayi dalili, amsar da ke bakin kowa ita ce ƙarfen da ne, ba irin na yanzu ba. Akwai gaskiya a wannan, amma ba ta kai rabin labarin ba. Motoci da yawa masu ƙwari sun shigo ƙasar nan a zamani ɗaya da ita, yau ko ɓurɓushinsu babu. Abin da ya raya Fijo yana wajen jikinta ne, wato yawan 'yan'uwanta da suka mutu suka bar mata kayan gyara, da yawan hannayen da suka san cikinta.

Tushen wannan yalwa yana Kaduna. An fito da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a unguwar Kakuri, kuma gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da 504 motar manyan ma'aikata. Daga nan ta bazu zuwa ma'aikatu, 'yan sanda, asibitoci da tashoshin mota. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000, kuma adadin da aka harhaɗa a Najeriya ya haura 400,000. Shekara talatin ana zuba mota iri ɗaya a ƙasa ɗaya, ba tare da an yi mata wani babban sauyi ba. Ma'anar wannan ga bakanike ita ce kayan motar wata shekara kan hau ta wata shekarar, kuma yaron da ya koyi aiki a kanta zai tsufa yana cin abinci da abin da ya koya.

Ƙirarta ma ta taimaka, domin an yi ta ne a kwance ta a sake ɗaurawa. Injinta na fetur mai silinda huɗu yana da hannayen riga na ƙarfe da fistin ke gudu a cikinsu, kuma ana iya zare su. Idan inji ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, sai a sa sababbin hannayen riga da fistin da ringi, ya dawo kusan sabo ba tare da an jefar da gangar injin ba. Mai yana bi ta kabureta, wuta tana bi ta kontak da filogi, duk abubuwan da ido ke gani, kunne ke jin lafiyarsu. Ƙafafun baya ne ke tura ta, tana da tsayi daga ƙasa, ga sifirin mai jure lodi, abin da ya dace da hanyoyin burji da yashin da ke tsakanin ƙauyukan Ɗanbatta, Makoɗa da Kazaure. Yanayin ƙasar ya yi mata wani gatan. A Turai gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara shi ya cinye bodin yawancin 504, a nan kuwa busasshiyar iska ta bar ƙarfen da ransa. Abokan gabarta a nan ƙura ce da zafi. Ƙurar hunturu tana cin ringi idan matatar iska ta lalace, ruwan rijiya yana toshe lagireto da sannu, kuma da zarar inji ya tafasa, kansa na alminiyam yakan lanƙwashe ya ƙone gasket.

To daga ina kayan suke zuwa yanzu da masana'anta ta daina? Mai mota a Ɗanbatta yakan fara da garejin garinsu, in ba a samu ba a aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, daga can kuma hanya ta miƙe zuwa Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas, ko Nnewi a jihar Anambara. Kayan da ke waɗannan kasuwanni kashi uku ne. Akwai na hannu da aka cire daga motocin da aka yanka, na gida ko waɗanda aka shigo da su daga Turai. Akwai sababbi da ake ƙerawa a Sin da Taiwan da wasu wurare, masu kyau da jabu a cakuɗe, sau da yawa a kwali iri ɗaya. Sai kuma abin da mai walda da mai injin sassaƙa ƙarfe suka ƙirƙira da hannu. Kashi na farko shi ne ginshiƙi, domin akwatin giya, gadar baya da ƙofa ba abubuwa ne da masu ƙera na kwaikwayo suka damu da su ba. Wato kowace 504 da ke kan hanya tana tafiya ne da sassan wasu da dama da suka riga ta tsayawa.

Wani zai ce wannan ba gyara ba ne, faci ne kawai. A Faransa masu sha'awar tsofaffin motoci sukan nemi kowane ƙusa ya zama na asali, har kamfanin Peugeot yana da gidan tarihi a garin Sochaux tun 1988. Motar da aka sa wa kujerar wata mota da fitilar wata ba za ta ci gasa a can ba. Amma manufa ce ta bambanta. Mai sha'awa a Faransa yana adana mota ne don a kalla, manomin Ɗanbatta yana raya ta ne don ta kai hatsi kasuwa, kuma motar da ke aiki kullum ita ce ke riƙe da ilimin gyaranta. Da a ce masu akori-kura sun tsaya jiran kayan asali, da tuni babu bakaniken da ya san yadda ake daidaita kabureta, kuma mai son adana ta asali a Kano ko Abuja ba zai sami wanda zai taɓa masa ita ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ba a kawar da shi da daɗin baki. Tsohuwar Fijo tana shan mai fiye da Golf ko Sharon da suka maye gurbinta a tasha, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan bambanci ya zama kuɗi na gaske. Shi ya sa ta kusa ɓacewa a jigilar fasinja ta dogon zango. Inda ta rage shi ne gajeren zango mai nauyin kaya da mummunar hanya, inda sauƙin gyara ya fi tsadar mai muhimmanci. Motar zamani idan ƙwaƙwalwarta ta rikice sai an nemo mai kwamfuta daga birni, Fijo kuwa sifana da sukundireba sun ishe ta a gindin bishiya. Batun haɗari ma gaskiya ne, domin ba ta da jakar iska kuma ana yi mata lodin da ya wuce ƙima. Sai dai a nan laifin ya fi karkata ga irin kayan da aka sa mata. Ƙofa ko kan inji na hannu ba su da illa. Birki, taya da sassan sitiyari kuwa ba wurin neman araha ba ne, kuma jabun sabo ya fi tsohon asali haɗari, tun da yana da kyan gani.

Idan wannan bayani daidai ne, to ba tsufa ne zai kashe 504 ba, ƙarewar matattun 'yan'uwanta ce. A da, motar da ta mutu takan yi shekaru a bayan gareji ana tsintar kayanta ɗaya bayan ɗaya. Yanzu 'yan gwangwan suna saye da kilo, su kai kamfanonin da ke narka ƙarfe su yi rodin gini, kuma mai gareji da ke buƙatar kuɗi yau ba zai ajiye gangar inji don wani mai saye da zai zo bayan shekara biyu ba. Abin da aka narka ya tafi ke nan, domin babu masana'antar da za ta sake zubo shi. Hannayen ma suna raguwa. Yaran da ke shiga kanikanci yanzu sun fi karkata ga babur, Keke Napep da motocin Japan, inda aiki yake kullum. Saboda haka mai Fijo da ke son ta ƙara shekara goma zai fi amfana idan ya sayi matacciya guda ya ajiye a gida tun farashinta bai wuce na ƙarfenta ba, ya kuma riƙe tsohon bakanikensa da kyau, ya tabbatar akwai yaro a gefensa yana kallo duk lokacin da aka buɗe injin.