Numfashi Ɗaya Tsakanin Tayi da Albarka

Duk wanda ya taɓa ratsa Kasuwar Sabon Gari da tsakar rana a watan Afrilu ya san yadda ƙirji ke ƙuntata. Janareta na ruri, masu kura na ihun a ba su hanya, 'yan adaidaita sahu sun cushe France Road. A haka ne mai saye zai yi maka tayin wulaƙanci a kan kayan da ka ci bashi ka saro. Tsakanin tayinsa da amsarka numfashi ɗaya ne tak, kuma a cikinsa ake yanke ko za ka ce "albarka" da fara'a, ko ka yaɓa masa maganar da ba zai sake tako shagonka ba.

Kula da numfashi ba baƙon ilimi ba ne a Kano. A gidan Ƙadiriyya da ke Kabara, inda Shehu Nasiru Kabara ya yi tarbiyya har rasuwarsa a 1996, ana yin zikirin anfasu. Anfasu jam'in "nafas" ne, wato numfashi da Larabci, kuma tushensa ɗaya da "nafs", ran nan da ake fama da shi. Muridai kan jeru, ambaton Allah na bin shaƙa da fitarwa, har lafazi ya narke ya koma sautin ƙirji. Malamai sun yi saɓani a kan wannan siga, ni kuwa ba fatawa ta kawo ni ba. Abin da ya ja hankalina shi ne can ma yankin Bukhara, Abdulkhaliƙ Gujduwani, ɗaya daga magabatan Naƙshabandiyya, ƙa'idar farko da ya gindaya wa almajiransa ita ce kada numfashi ko ɗaya ya wuce cikin gafala.

Likitoci sun iso wurin ta wata ƙofa. Baligi kan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Idan rai ya ɓaci sai ya gajarce, zuciya ta hau dukan uku-uku. Da ka tsawaita fitar da iska, wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki sai ta rage bugun. A 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, ya wallafa bincike a mujallar BMJ ta Birtaniya: masu jan carbin Katolika da Latin da masu maimaita lafazin yoga, duk numfashinsu ya sauko zuwa kusan shida a minti. Sai na tuna da Sabon Gari, inda Bahaushe mai tasbaha da Inyamuri mai carbin coci ke raba bango ɗaya.

To ina ruwan wannan da kyauta a kasuwa? Ruwa kuwa mai yawa. Mai ƙuntataccen ƙirji ba ya yin gyara. Mudu zai shafe tas, ya ƙi wa ɗan dako ɗari biyu, ya huce a kan yaron shago, da dare kuma iyali su sha ragowar. Ba lallai rowa ce a jininsa ba. Tsoro ne ya riƙe masa hannu. Kuma tsoron na da dalili, domin mutanen kasuwar nan, wadda a hukumance ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, ba su manta da gobarar Maris 2016 da ta cinye dubban shaguna ba. Amma Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya nema wa mai sauƙin kai rahama, a sayarwa da saye da bin bashi. Sauƙin nan ba ya samuwa ga wanda ke haki. Ina jin shi ya sa aka hori mai fushi ya zauna in yana tsaye, ko ya yi alwala: a ba jiki dama ya sauka kafin baki ya buɗe.

Kada a ɗora wa kula da numfashi nauyin da ba nasa ba. Mai hawan jini ko asma ya ci gaba da shan maganinsa, hayaƙin janareta kuma sai an rage shi.

Ni dai abin da nake yi kaɗan ne. In na ji maganar banza ta taso mini, sai in shaƙa ta hanci ina ƙirga huɗu, in fitar a hankali ina ƙirga shida, da istigfari a zuci. Jiya wani dattijo mai kura ya goge mini riga da baƙin mai a bakin kasuwa. Kafin in kai shida sai na lura hannunsa na rawa, ƙafarsa ɗaya ɗaure da tsumma. Na ce, "Sannu Baba, bari in kama maka mu hau kwalbatin."