Wankan aku da tsirya: ruwa zalla, ba sabuni, ba tilas

 Batunmu na yau a kan tsuntsun keji ne, aku da tsirya. Akwai gidajen da ke kiwonsu, wasu saye suka yi a Damagaram ko Kano, wasu tsaraba aka kawo musu. Ci da sha ba su cika gagarar kowa ba. Inda ake yawan kuskure shi ne wanka: ko dai a bar tsuntsu wata da watanni ruwa bai taɓa jikinsa ba, ko kuma a damƙe shi a cuɗe da sabuni kamar ana wankin tufa. Duka biyun cutarwa ce, na biyun ma yana iya kashe shi a ranar.

Me ya sa yake buƙatar wanka?

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Aku mai launin toka da jar wutsiya ba ɗan ƙasarmu ba ne. Gidansu kurmi ne, kudancin Najeriya da Kamaru da Gabon da Kwango, inda ake ruwa mafi yawan shekara, yana wanka cikin ruwan sama da jiƙaƙƙen ganye. Mu kuwa a nan damina ba ta cika wuce wata 3 ba, sauran shekara sai busasshiyar iska da ƙura. Fatarsa ta bushe, ƙaiƙayi ya dame shi, wani har ya fara fizge gashinsa da kansa. Tsirya, wannan koriya mai jan baki da doguwar wutsiya, ita tamu ce, ta saba da yanayinmu, amma ita ma a daji tana neman ruwa ta yi wanka.

Sannan tsuntsu ba ya gumi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, za ka ga ya buɗe baki yana haki, ya ɗan saki fukafukai. Ruwa a jikinsa yana rage masa wannan wahala.

Abin da ya sa sabuni haɗari ne

In ka shafa bayan aku, za ka ga wani farin gari a hannunka. Wannan ba datti ba ne, jikinsa ne ke fitar da shi don kare gashinsa. A gindin wutsiyarsa kuma akwai wani ɗan ƙullutu mai fitar da mai, da baki yake ɗiba yana shafe gashinsa ɗaya bayan ɗaya. Sabuni da omo suna wanke wannan kariya gaba ɗaya, ruwa ya ratsa har fata, sanyi ya kama shi. Abin da ya saura a gashin kuma, da ya zo gyara jiki sai ya haɗiye. Don haka ruwa zalla, irin wanda kai ma za ka iya sha.

Yadda ake yi

A sami kasko ko faranti mai faɗi marar zurfi, a zuba ruwa kaɗan, kada ya wuce ƙafafunsa. A ajiye masa a ja da baya. In yana so, da kansa zai shiga ya buɗe fukafukai ya yi ta fantsama. In bai shiga ba, a jiƙa ganye mai tsabta a sa masa cikin keji, ko a tsoma hannu a ruwa a yayyafa sama da shi, ya sauko masa kamar yayyafi. In ya ja gefe yana kuka, a ƙyale shi sai wata rana. Lita ɗaya ma ta yi yawa, saboda haka ko inda ake shan wuyar ɗebo ruwa daga rijiya mai zurfi, wannan wanka ba zai taɓa randar gida ba.

A taɓa ruwan da bayan hannu tukuna. Ruwan buta ko bidon da ya yini a rana yana iya ƙona shi, na ƙanƙara kuma bai dace ba. Wanda ba zafi ba sanyi ake so.

Lokaci mafi kyau shi ne hantsi, don ya bushe kafin rana ta faɗi. Da bazara, sau 2 ko 3 a mako ya wadatar, in zafi ya tsananta ko kullum ne ba laifi. Da hunturu kuwa a rage, a jira ranar da iska ta lafa, a yi a cikin ɗaki ko zaure. Jiƙaƙƙen tsuntsu da ya kwana cikin sanyin Disamba ko Janairu yana iya wayar gari a mace.

Bayan wanka kada a goge shi da tsumma. A ajiye kejin wuri marar iska, rabi inuwa rabi rana, shi zai zaɓa. A kuma tsaya kusa, don jiƙaƙƙen tsuntsu ba ya iya tashi sosai, kyanwa kuwa ba ta barci.

Abubuwan da za a kiyaye

Kada a riƙe shi a matse masa ƙirji. Tsuntsu da motsin ƙirji yake numfashi, matsewa kaɗan ta isa ta shaƙe shi. A ja wa yara kunne kan wannan.

Kada a tsoma shi cikin bokiti, kada a kwara masa ruwa a ka. Ƙofofin hancinsa suna nan saman baki, ruwa na shiga sai huhu. Randa da bokiti kuma a riƙa rufe su in ana sakinsa a tsakar gida.

Kada a yi masa feshi da abin da aka taɓa zuba maganin fara ko na ƙwarin wake a ciki, ko da an ɗauraye. Haka kananzir da maganin sauro: ba a kashe ƙwarƙwatar tsuntsu da su. In an ga ƙwari a jikinsa, ko hancinsa na yoyo, ko ya kumbura gashi ya daina ci, a dakatar da wanka a nemi ma'aikatan kiwon dabbobi.

Kada a ba shi ruwan tabki ko sauran ruwan da kaji da agwagi suka sha. Ba mu manta ba, a watan Fabrairun 2006 an tabbatar da murar tsuntsaye a Magarya, cikin jaharmu ta Damagaram.

Lafiyar mutanen gida

Akwai wani zazzaɓi da mutum ke ɗauka in ya shaƙi ƙurar busasshen kashin aku. Yana zuwa da ciwon kai da tari, wani lokaci ya kama huhu. A shekarun 1929 da 1930 ya kashe mutane a Turai da Amurka ta hanyar cinikin aku. Yanzu yana da magani. Kariyarsa mai sauƙi ce: a yayyafa ruwa kan kashin kafin a share keji, a wanke hannu da sabuni bayan an gama, kuma kaskon wankansa kada ya haɗu da kwanonin abinci. Wanda ya kamu da zazzaɓi da tari ya gaya wa likita cewa akwai tsuntsu a gidansa.

Ga ƴan uwa na nesa

Ku da ke Legas, Abijan, Libiya ko Aljeriya, in kuna da aku, kada ku sa shi gaban fanka ko na'urar sanyaya ɗaki yana jiƙe. Sannan kafin ku ɗauko wa iyali aku tsaraba, ku sani cewa a 2016, a taron Johannesburg, ƙasashen yarjejeniyar CITES, wadda Nijar ke ciki, sun hana cinikin aku mai toka da aka kamo a daji tsakanin ƙasa da ƙasa, saboda yana ƙarewa a kurmi. Wanda ke hannu kuwa amana ne. In ya sami kulawa yana iya yin shekara 40 ko fiye a gida, ya ga jikokin mai shi.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin abin da muke kiwo. Sai mun sake haɗuwa.